Yadda ake gina shafin intanet da makaho, kurma da mai ciwon hannu za su shiga ba tare da ɗan jagora ba

Na taɓa zama kusa da wani abokina makaho yana ƙoƙarin cike fom a shafin da ni na gina da hannuna. Ya ƙara sautin kwamfutar don in ji abin da yake ji. Manhajar da ke karanta masa sikirin ta fara: "Maɓalli. Maɓalli. Hoto. Maɓalli." Ba suna, ba bayani. Ni ina ganin alamar bincike, alamar gida, alamar aika saƙo, kowace da kyanta, shi kuwa abin da ya iso kunnensa ke nan. Ya jima yana lalube, daga ƙarshe ya turo min kwamfutar ya ce, "Malam, karɓi ka cike min." Har lambar sirrinsa sai da ya faɗa min da bakinsa. Mutumin da kullum yake aika imel, yake karanta labarai shi kaɗai, aikina ya mayar da shi mai neman ɗan jagora. Abin ya tsaya min a rai, kuma daga ranar na sauya yadda nake aiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na jama'ar duniya, suna rayuwa da nakasa mai tsanani. A cikinsu akwai makafi da masu raunin gani, akwai kurame, akwai wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da wanda hannunsa ke karkarwa, da mai farfaɗiya, da wanda karatu ke ba shi wahala. Ka ƙara da dattijon da yanar ido ta fara rufe masa gani, da wanda ya karye a hannu na wata biyu. Ƙa'idojin da ake bi don kula da su sunansu WCAG, ƙungiyar W3C ce ta tsara su. Na farko ya fito a 1999, na 2.0 a 2008, na 2.1 a 2018, na 2.2 kuma a Oktoban 2023. Suna da hawa uku, A da AA da AAA, kuma AA shi ne wanda yawancin dokoki da hukumomi ke nema. Shi za mu sa a gaba.

Mataki na 1: Ajiye linzami, ka shiga shafinka da kibod kaɗai

Kafin ka gyara komai, fara ganin ɓarnar da idonka. Cire linzamin kwamfuta ka jefa shi a aljihun tebur. Buɗe shafin, ka riƙa danna Tab. Kowace dannawa za ta kai ka mahaɗi ko maɓalli ko gurbin fom na gaba. Shift da Tab suna mayar da kai baya, Enter na buɗe mahaɗi, Enter ko Space na danna maɓalli, Esc na rufe abin da ya buɗe.

Yayin da kake tafiya, ka riƙa tambayar kanka abubuwa huɗu. Ina ganin inda nake? Tafiyar tana bin tsarin da ido zai bi, ko tana tsalle daga sama zuwa ƙasa ta dawo tsakiya? Akwai abin da linzami ke dannawa amma Tab ba ta isa gare shi ba? Akwai inda na shiga na kasa fita?

Tambayar farko ita ce ta fi kama mutane. Burauza tana zana zobe a kewayen abin da kake kai, sai mai zane ya ga zoben ya ɓata masa ado, ya rubuta outline: none ya goge shi. Wanda ke tafiya da kibod ya zama kamar mai tafiya a duhu ba fitila. Idan zoben burauza bai yi maka ba, zana naka da focus-visible, mai kauri, mai launin da ya fita daban. Amma kada ka bar wurin ba komai.

Sai jerin zaɓin da ke saman shafi. Idan yana da mahaɗi talatin, mai kibod sai ya danna Tab sau talatin a kowane shafi kafin ya kai ga abin da ya zo karantawa. Maganinsa ƙaramin mahaɗi ne a farkon shafi mai cewa "Tsallaka zuwa ainihin bayani". Za ka iya ɓoye shi har sai Tab ta iso kansa. Aikin minti biyar ne.

Tagar da ke faɗowa a tsakiyar sikirin ma tana da nata sharuɗɗa. Idan ta buɗe, zoben ya koma cikinta, ya tsaya a cikinta, Esc ta rufe ta, sannan zoben ya koma kan maɓallin da ya buɗe ta. HTML shi ne harshen da ake gina shafin intanet da shi, tag kuma su ne alamomin da ke faɗin ko mene ne kowane abu a shafin. Tag ɗin dialog, idan aka buɗe shi da umarnin showModal, yana ɗauke maka mafi yawan wannan aikin.

Mataki na 2: Kira kowane abu da sunansa a HTML

A nan zan daɗe, domin mafi yawan abin da na gani a shafukan mutane daga nan yake lalacewa.

Manhajar karanta sikirin ba ta ganin ado. Kod take karantawa. Idan ka rubuta button, ta san maɓalli ne, za ta faɗa wa mai sauraro, Tab za ta tsaya a kansa, Enter da Space za su danna shi, duk ba ka ƙara ko layi ɗaya ba. Idan kuwa ka ɗauki div, wato akwatin da ba ya faɗin ko mene ne shi, ka yi masa fenti ya yi kama da maɓalli, ka liƙa masa umarnin dannawa, to mai linzami ne kawai zai more shi. A wurin manhajar, fanko ne. Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da ke kai mutum wani wuri, tag ɗin a ne mai href, abin da ke aikata wani abu, button ne.

Maɓallin da alama ce kawai a kansa, irin waɗanda suka kunyata ni a gaban abokina, dole a ba shi suna. Ko ka sa rubutu a ciki wanda ido ba ya gani amma manhaja na karantawa, ko ka yi amfani da aria-label ka rubuta "Bincika" ko "Rufe".

Kanun rubutu su ne taswirar makaho. Mai gani yakan watsa ido a shafi ya tsinci abin da yake so. Mai sauraro yana yin haka ne da kanu: a NVDA, ɗaya daga manhajojin karanta sikirin, harafin H na tsallakar da shi daga kai zuwa kai. Don haka ka sa h1 guda ɗaya mai faɗin abin da shafin ya ƙunsa, manyan sassa su zama h2, rassansu h3. Kada ka zaɓi h4 don kawai girmansa ya yi maka, girma aikin CSS ne, wato kod ɗin da ke kula da adon shafi. Kuma kada ka kumbura rubutu ka yi masa kauri ka ce kai ne, manhajar za ta wuce shi kamar sauran zance.

Haka sassan shafi: header, nav, main, footer. Haka jeri: ul ko ol, don manhajar ta ce "jeri mai abu bakwai", mutum ya san tsawon abin da ke gabansa. Jadawali kuwa na bayanai ne kawai, kuma kanun layukansa su zama th, domin idan mai sauraro ya kai gida na biyar a layi na tara, a tuna masa wannan lambar ta mece ce.

Kowane shafi ya samu nasa taken a tag ɗin title, saboda shi ne abu na farko da ake karantawa. Sannan ka faɗi harshen shafin. Idan da Hausa ka rubuta, sa lang="ha" a tag ɗin html. Idan a tsakiya ka kawo jimlar Larabci, kewaye ta da lang="ar" da dir="rtl". Da wannan alamar manhaja ke sanin muryar da za ta ɗauko idan tana da ita. Ka kuma rubuta ɓ, ɗ da ƙ da ainihin haruffansu na Unicode, ka tabbatar salon rubutun da ka zaɓa yana ɗauke da su.

Game da ARIA, wato ƙarin alamomin da ake sa wa kod don manhajar karanta sikirin, irin su aria-label, ina da ra'ayi mai ƙarfi. An yi ta ne don cike gurbin da HTML bai kai ba, amma mutane sun mayar da ita kayan yaji, suna barbaɗawa ko'ina. ARIA tana sauya abin da ake faɗa wa mai sauraro ne kawai, ba ta sauya halin abin. Idan ka sa role="button" a kan div, ka yi alkawarin maɓalli, kuma sai ka cika alkawarin da kanka: Tab, Enter, Space, duka. Cibiyar WebAIM da ke Jami'ar Jihar Utah a Amurka tana binciken shafukan farko miliyan ɗaya kowace shekara tun 2019, kuma tana samun kurakurai a fiye da kashi 90 cikin 100. Abin lura shi ne shafukan da ke ɗauke da ARIA sukan fi sauran yawan kurakurai. Duk inda HTML ke da tag ɗin abu, ɗauke shi ka bar ARIA.

Mataki na 3: Rubuta wa hotuna bayani

Kowane hoto yana buƙatar alt, wato rubutun bayanin da manhaja ke karantawa a madadin hoton. Abin da za ka rubuta ya danganta da aikin da hoton ke yi a wurin. Dabarar da nake bi: in ɗauka ina karanta wa wani shafin ta waya, na iso kan hoton, me zan ce masa?

A ce hoton likita ne yana auna jinin wata dattijuwa, a labarin hawan jini. "Hoto" bai faɗi komai ba, kuma manhajar ta riga ta ce hoto ne. "Likita yana auna jinin wata dattijuwa a ɗakin duba marasa lafiya" ya wadatar. Idan hoton mahaɗi ne, faɗi inda yake kaiwa: tambarin da ke mayar da mutum shafin farko, alt ɗinsa sunan shafin ne. Idan zanen alƙaluma ne, faɗi abin da zanen ke nunawa a taƙaice, ka kawo lambobin a jadawali a ƙasa.

Hoton ado kuwa, irin layin kwalliya ko furen gefe, a ba shi alt="" fanko, manhajar za ta wuce shi shiru. Fanko daban, rashin sa alt gaba ɗaya daban. Idan babu shi, wasu manhajoji sukan karanta sunan fayil, mutum ya zauna yana sauraron jerin haruffa da lambobi marasa ma'ana.

Abu ɗaya da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne sanarwar da ake ɗorawa a matsayin hoto: ranar taro, wuri, sharuɗɗan neman aiki, duk a cikin fosta. Ko takardar da aka ɗauka da kyamara aka mayar PDF. A wurin makaho farar takarda ce. Mai raunin gani ma idan ya zuƙo ta sai ta dushe. Sa fostar idan kana so, amma ka rubuta abin da ke ciki da ainihin rubutu a ƙarƙashinta.

Mataki na 4: Launi da girman rubutu

Rubutu mai ruwan toka a kan farin bango shi ne kuskuren da binciken WebAIM ya fi cin karo da shi shekara bayan shekara. Ana auna tazarar haske tsakanin rubutu da bangonsa da lamba: baƙi a kan fari 21 ne bisa 1. Hawa na AA yana neman aƙalla 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, da 3 bisa 1 ga babban rubutu, wato daga fiksel 24, ko wajen 19 idan mai kauri ne. Iyakokin gurbin fom da alamomi masu ma'ana su ma 3 bisa 1. Tokar #767676 a kan fari ta tsallake da ƙyar, #999999 kuwa ta faɗi. Kada ka auna da ido, idonka lafiyayye ne kuma sikirinka mai kyau ne. Kayan aikin burauza suna nuna lambar.

Kada launi ya zama shi kaɗai ke ɗauke da saƙo. Akwai masu kasa bambance ja da kore, kuma sun fi yawa a cikin maza. Idan ja na nufin kuskure, kore na nufin daidai, haɗa da kalma ko alama. Mahaɗin da ke tsakiyar zance a ja masa layi a ƙasa.

Sai ka zuƙo shafin zuwa kashi 200, ka ga ko rubutu ya hau kan rubutu ko ya yanke. Ka ƙara zuwa 400 a sikirin mai faɗin fiksel 1280, wanda ya yi daidai da faɗin 320. Ya kamata komai ya jeru a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ba sai mutum ya riƙa ja hagu da dama a kowace jimla ba. Idan akwai user-scalable=no a kod ɗinka, goge shi yau.

Mataki na 5: Fom

A fom ake neman aiki, ake biyan kuɗi, ake rajistar makaranta. Shafin da ya yi kyau ko'ina amma fom ɗinsa ya toshe, bai yi wa kowa amfani ba.

Kowane gurbi ya samu label, wato rubutun da ke faɗin abin da za a cike, da aka ɗaure masa ta hanyar for da id. Gwajinsa: danna kan rubutun, idan alamar rubutu ta faɗa cikin gurbin, ɗaurin ya yi. Rubutun toka da ke cikin gurbi ba ya maye gurbin label, domin da mutum ya fara rubutu yake ɓacewa, mai mantuwa ya rasa abin da aka tambaye shi. Zaɓuɓɓukan da ke amsa tambaya ɗaya a haɗa su cikin fieldset, tambayar ta zama legend. Ka sa autocomplete a guraben suna, imel da waya, don burauza ta cike wa wanda kowane harafi wahala ne a hannunsa.

Idan an yi kuskure, faɗi wane gurbi ne, me ya faru, yaya za a gyara. "An samu matsala" ba bayani ba ne. "Lambar waya ba ta cika ba, duba ka ƙarasa" bayani ne. Sa saƙon kusa da gurbin, ka ɗaure su da aria-describedby, ka kai zoben kan gurbin farko da ya samu matsala. Kuma kada ka goge abin da mutum ya riga ya rubuta.

Idan fom yana da wa'adi, gargaɗi mutum kafin lokaci ya ƙare, ka ba shi aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙari. Ka bar mutane su manna lambar sirri daga manhajar da ke adana musu. Jarrabawar nan ta karkatattun haruffa ko "zaɓi hotunan da ke da mota" ƙofa ce da ake rufewa a fuskar makaho, don haka nemi wata hanyar tace na'urori, ko aƙalla ka ba da zaɓi na biyu. Wurin dannawa kada ya gaza fiksel 24 tsawo da faɗi, yadda WCAG 2.2 ta nema. Ni nakan kai shi 44, saboda na ga yadda yatsa mai karkarwa ke fama da ƙananan maɓallai a waya.

Mataki na 6: Bidiyo, sauti da motsi

Bidiyo yana buƙatar rubutun abin da ake faɗa a ƙasansa, tare da wanda ke magana da sautuka masu ma'ana kamar ƙwanƙwasa ƙofa. Ana rubuta shi a fayil ɗin WebVTT a haɗa da tag ɗin track. Wanda na'ura ke samarwa da kanta mafari ne kawai, sai ka bi shi layi-layi ka gyara, domin tana cin sunaye da lambobi. Shirin sauti a ba shi cikakken rubutu. Idan a bidiyo ana nuna abin da ba a faɗa, kamar "danna nan, sai nan", makaho bai samu komai ba, don haka mai magana ya riƙa ambaton abin da yake nunawa.

Kada sauti ya tashi da kansa. Muryar manhaja ce idon makaho, idan kiɗa ya danne ta ba zai ma ji inda maɓallin kashewa yake ba. Duk abin da ke motsi fiye da daƙiƙa 5 ya samu maɓallin tsayarwa. Kuma kada wani abu ya yi walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa ɗaya. Wannan ba batun ado ba ne: a Disamban 1997 wani shirin katun a talabijin ɗin Japan ya nuna walƙiyar ja da shuɗi, aka kwashi ɗaruruwan yara zuwa asibiti. Akwai kuma waɗanda motsin sikirin ke sa su jiri, sun riga sun faɗa wa na'urarsu, kai dai ka saurara ta hanyar prefers-reduced-motion ka rage motsin.

Mataki na 7: Gyara harshenka

Gajerun jimloli, kalmomin da aka sani, muhimmin bayani a farko. Sunan mahaɗi ya faɗi inda yake kaiwa. Mai NVDA yakan danna Insert da F7 ya fito da jerin duk mahaɗan shafi, idan goma daga ciki "danna nan" ne, bai san na ɗauka ba. Rubuta "Sauke fom ɗin rajista".

Mataki na 8: Gwaji, da na'ura da kunne da mutane

Fara da kayan bincike na kyauta: WAVE, axe, ko Lighthouse da ke cikin Chrome. Suna kama rashin alt, raunin launi da gurbin da ba shi da suna cikin daƙiƙoƙi. Amma wani kaso kawai suke gani. Na'ura za ta ce hoto yana da alt, ba za ta ce alt ɗin shirme ne ba. Samun maki 100 a Lighthouse ba shaidar gamawa ba ce.

Daga nan ka saurari shafinka. A Windows akwai NVDA, kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina ta. Akwai JAWS ta kuɗi, akwai VoiceOver a na'urorin Apple, akwai TalkBack a wayoyin Android, inda shafa yatsa zuwa dama ke kai ka abu na gaba, taɓawa sau biyu kuma ke danna shi. Ranar farko za ka rikice, kowa ma haka ya fara. Rage hasken sikirin, ka ɗauki aiki ɗaya, misali neman wani labari ko aika fom, ka yi shi da kunne har ƙarshe.

Za a tallata maka wasu manhajoji da ake liƙawa a shafi da layi ɗaya, wai su gyara komai. Ban yarda da su ba. Ba sa gyara kod ɗin da ya lalace daga tushe, kuma sukan yi karo da manhajar da mutum ya riga ya saita yadda yake so.

Idan mai shafin ya ce ba kuɗin wannan aiki, tuna masa cewa maganar ta daɗe da shiga kotu da doka. A shekarar 2000 wani makaho, Bruce Maguire, ya yi nasara a kan masu shirya gasar Olamfik ta Sidni saboda shafinsu, aka ba shi diyyar dalar Ostareliya 20,000. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006 ta ambaci intanet a sashe na 9. Dokar Tarayyar Turai kan sauƙaƙa wa masu nakasa, da ta shafi shagunan intanet da bankuna, ta fara aiki ranar 28 ga Yunin 2025.

Sannan ka nemi masu nakasa su gwada, ka biya su ladan lokacinsu kamar kowane ƙwararre. Ba su aiki, ka zauna gefe, ka kama bakinka, kada ka miƙa hannu ka nuna musu hanya. Rubuta duk inda suka tsaya. Ka fara gyara abin da ya hana aiki gaba ɗaya, sannan abin da ya wahalar, kuma ka fara da sassan da ke maimaituwa a kowane shafi, saboda gyara ɗaya a nan ya gyara ɗari. A ƙasan shafi ka sa hanyar da mutum zai sanar da kai idan ya ci karo da cikas, imel da waya duka, domin kurma ba zai kira ba, wani kuma rubutu ne ke ba shi wuya. Duk lokacin da aka ƙara sabon fom ko sabon jerin zaɓi, a sake mayar da linzami aljihun tebur a bi shi da Tab kafin a sake shi.